Fim ɗinmu na wannan makon

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tunda zaɓi ya faɗo kaina, na ɗauko mana wani fim na ƙasar Foland mai suna Sanatorium pod Klepsydrą, wanda Wojciech Has ya ba da umarni a 1973. Yana yi mini ciwo yadda mutane ba su san shi ba, alhali a shekarar ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes, bayan an fitar da shi a ɓoye saboda hukumomin ƙasarsu sun hana.

Wani mutum ne, Józef, ya hau jirgin ƙasa zuwa wani asibiti da ya lalace don duba mahaifinsa. Likita ya ce masa a waje tsohon ya riga ya rasu, amma a nan an mayar da lokaci baya, don haka da sauran numfashinsa. Daga nan komai ya koma kamar mafarki. Józef ya rarrafa ƙarƙashin gado ya ɓulla wata duniya, ga mutum-mutumin kakin zuma suna motsi, ga tsuntsaye cike da ɗaki.

An ciro shi ne daga labaran Bruno Schulz, marubuci Bayahude da wani jami'in Nazi ya harbe a 1942. Da na san wannan, sai garin yarintar Józef ya riƙa ba ni tausayi, don mutanen da ke cikinsa Yahudawa ne, irin waɗanda ƴan Nazi suka shafe.

Wajen awa biyu ne, ku nemi mai rubutacciyar fassara a ƙasan allo. Don Allah wanda ya riga kallo ya yi shiru sai ranar Asabar da dare.