Ɗan wasan ƙaramar gasa ya riƙe takardarsa

Edita, assalamu alaikum.

Muna jan hankalin yaranmu masu buga ƙwallo a ƙananan gasannin Najeriya, wato NLO da NNL, da iyayensu. Abin da ke karya yawancinsu rashin takardar kwantiragi ne. Yaro zai buga kaka guda a kan alkawarin baki, in ya ji rauni a gwiwa sai a sallame shi, ba albashi ba kuɗin asibiti.

Kafin a sa hannu, a tabbatar kwantiragin ya faɗi albashin wata, kuɗin sa hannu, ranar ƙarewa da wanda zai biya magani. Ɗan wasa ya karɓi nasa kwafin, kar ya bar shi a aljihun sakataren kulob.

Sai rajista. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob ɗin da bai yi wa yaro rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya (NFF) ba, da wuya ya ga ko sisi. Rage shekaru kuwa, shi ke rikita wannan lissafi.

Duk dillalin da ya nemi kuɗin biza don gwaji a Turai, a ce ya nuna lasisinsa na FIFA da wasiƙar gayyata, sannan a tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye.

Wasu masu horar da matasa, Kano