Malaman Buda Masu Tsattsauran Ra'ayi da Musulmin Myanmar

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu kan rawar da wasu malaman addinin Buda suka taka wajen rura wutar ƙiyayya ga Musulmi a Myanmar. Fitacce a cikinsu shi ne Ashin Wirathu na ƙungiyar 969, wadda ta riƙa kiran jama'a su ƙaurace wa shagunan Musulmi. A watan Maris na 2013 rikici ya ɓarke a garin Meiktila, aka kashe fiye da mutum 40, ko da yake, don a yi adalci, akwai malaman Buda da suka ɓoye Musulmi a gidajen ibadarsu a lokacin.

Daga baya ƙungiyar Ma Ba Tha, ta malaman Buda masu tsattsauran ra'ayi, ta matsa lamba har aka kafa dokokin 2015 da suka tsaurara sharuɗɗan sauya addini da na auren mata mabiya addinin Buda da mazan wasu addinai, kafin farmakin sojoji na 2017 ya kori Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sojojin da suka yi juyin mulki a 2021 sun sako Wirathu, wanda ake tsare da shi bisa zargin tunzura jama'a, a watan Satumba na shekarar.

Naka,
Mai karatu daga Kano