A daina ce wa likita "da sauƙi" alhali babu sauƙin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan wata ɗabi'a tamu da na ga illarta a cikin gidanmu.

Yayana manomin shinkafa ne a Jega. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, muna ta ɗura masa jiƙon basur. Ko da aka yi masa gwaji, ashe ciwon dajin babban hanji ne, har ya riga ya kai hanta, wato mataki na 4, na ƙarshe.

Duk ranar da muka kai shi asibiti a Sakkwato, kafin likita ya duba hoto ko sakamakon jini, sai ya tambaye shi: "Baba, kana zuwa masallaci da ƙafarka? Kai kake yin wanka da kanka? Yaya cin abinci?" Yaya sai ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ni ma in gyaɗa kai. Alhali sati uku ke nan a zaune yake sallah, matarsa ke riƙe masa buta, furar ma ludayi biyu ya ture ƙwaryar.

Wallahi na ɗauka gaisuwa ce kawai. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da ni cewa awo ne. Likitocin ciwon daji suna da ma'auni na gane ƙarfin majinyaci mai suna ECOG, wanda aka wallafa a 1982. Mai lamba 0 yana harkokinsa kamar da. Mai 1 aikin ƙarfi ne kawai ya gagare shi. Mai 2 yana kula da kansa amma ba ya iya sana'a. Mai 3 ya fi rabin yini a kwance ko a zaune, mai 4 kuwa komai sai an yi masa. A Turai ma akwai takarda mai tambayoyi 30 da majinyaci ke amsawa da kansa game da ƙarfin jiki, gajiya, zafin ciwo, barci da cin abinci. Bincike ya nuna cewa abin da mara lafiya ya faɗa a kan ƙarfinsa yana taimakawa wajen ƙiyasta tsawon lokacin da ya rage masa, ƙari a kan abin da hoto da jini suka nuna.

Da lambar ECOG ɗin nan ake yanke shawarar magani. Allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kan ƙara wa mai ƙarfi kwana, amma wanda ya riga ya kwanta, sau da yawa wahala take ƙara masa. Mu muka ɓoye gaskiya, muka sayar da buhunan shinkafa, aka ci gaba da allura. Makonninsa na ƙarshe a mota ya yi su, yana amai tsakanin Jega da Sakkwato. Allah Ya jiƙansa.

Na san za a ce ajali na Allah ne. Haka yake, kuma likita bai san gaibu ba. Amma manomi ma yakan dubi hadari ya ce yau za a yi ruwa, ba wanda ya ce ya yi saɓo. Da mun sani da wuri, da Yaya ya zauna a ɗakinsa ana ba shi maganin rage zafi, ya faɗi basussukan da ke kansa, ya yi wasiyya, ya nemi yafiyar 'yan'uwa.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya, kada su tsaya a "yaya jiki?" Bahaushe ko yana gargara zai ce da sauƙi. Su tambayi raka'a nawa yake iya tsayawa, wa ke kai shi makewayi. Mu kuma dangi, mu riƙa shiga wurin likita da wanda ke jinya dare da rana. A gidanmu matar Yaya ce ta san komai, amma kullum a waje muke barinta tana gadin kwanuka.

Naku,
Wani malamin firamare, daga Jega, Jihar Kebbi