Wasiƙa zuwa ga Auta kan aikin laburare

Shefil, Ingila

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Baba da Inna da sauran mutanen gida. A yi wa Kawu ya jiki. Saƙonki ya iso, na kuma ji maganar da ake yi ta sayar da filin bayan gari domin a biya miki digiri na biyu a nan da zarar kin gama bautar ƙasa. Shawarata kada a taɓa filin nan yanzu. Ki samu lokacin da Baba ya natsu ki karanta masa dalilan.

Mu fara da lissafin kuɗi da biza, domin a nan yawancin masu zuwa suke tuntuɓe. Digiri na biyu a fannin laburare shekara ɗaya ne, kuma a manyan jami'o'i kuɗin ɗalibin waje yakan haura fam 20,000, ban da haya da abinci da kuɗin lafiya na fam 776 a shekara. Ɗalibi ba ya wuce aikin awa 20 a mako lokacin karatu, wannan kuwa ko haya da ƙyar yake riƙewa. In an gama ana ba da bizar zama ta shekara biyu domin neman aiki, wadda za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Kafin ta ƙare dole a samu ma'aikatar da za ta ɗauki nauyin bizar aiki, kuma tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema fam 41,700 ne a shekara, ko 33,400 ga sabon shiga.

To aikin da sabon mai digiri yake samu a laburare shi ne na mataimaki: zama a teburin aro, mayar da littattafai kan kanta, nuna wa ɗalibai yadda injin aro yake aiki. Albashinsa bai kai fam 30,000 ba, sau da yawa ma rabin lokaci ne, ko na zangon karatu kawai. Ba ya ba da biza. Laburaren unguwa na ƙananan hukumomi kuwa kada ki sa rai: kusan 800 aka rufe tsakanin 2010 da 2019, wasu da dama kuma 'yan sa-kai ke riƙe da su kyauta. Muƙaman da albashinsu ke kusantar abin da biza ke nema suna jami'o'i da asibitoci da kamfanonin lauyoyi, kuma babu wanda ake ba wa don takarda kaɗai. Tambayar da ake yi ita ce me kika taɓa yi da hannunki.

Abin da ake son ki taɓa yi ɗin kuwa, kusan duka a gida za ki iya koyonsa ba tare da kashe ko fam ɗaya ba.

Idan aka tura ki bautar ƙasa, ki nemi laburaren jami'a ko na kwaleji, in kin shiga kuma ki roƙi a sa ki sashen kataloji, inda ake rubuta bayanan kowane littafi domin a iya gano shi. Matasa suna gudunsa saboda shiru da ƙura, amma sana'ar can take. Ki iya MARC 21, wato tsarin lambobin da ake shigar da bayanan littafi a kwamfuta da su, har ya zama ba sai kin duba littafi ba: 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 wurin bugu da mai bugawa da shekara, 650 maudu'i, 880 kuma inda ake maimaita bayani da haruffan Larabci. Ki yi aiki da ƙa'idar rubuta kataloji ta RDA, domin ita ta maye gurbin AACR2 tun 2013, ko da malamanku tsohuwar suka fi koyarwa. Ki saba da tsarin jera littattafai na Dewey da na Laburaren Majalisar Amurka duka biyun. Adabin Hausa 893.72 ne a na farko, PL8234 a na biyu.

Sai Koha. Manhaja ce ta kyauta ta tafiyar da laburare, tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu ta isa. Ki ɗora ta da kanki, ki shigar da littattafan gidanmu, ki koyi jawo bayanan littafi daga manyan laburarori ta hanyar Z39.50, ki koyi gyara dubban bayanai a lokaci guda da MarcEdit, ita ma kyauta ce. Jami'o'in nan manhajar Alma suka fi amfani da ita, amma wanda ya iya Koha ba ya daɗewa bai gane ta ba. Abubuwa biyu ne suke yawan lalacewa a laburarorinmu na gida, ki san su tun yanzu. Na farko, a kwaso jerin littattafai daga Excel ba a adana shi a tsarin UTF-8 ba, sai duk ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya, mai neman "ɗan" ya rasa littafin da ke gabansa a kanta. Na biyu, a yi shekara ana shigar da bayanai a kwamfuta ɗaya ba kwafi a wani wuri, ranar da wuta ta ƙona ta aiki ya koma farko. Kwafi kullum da dare, ɗaya a wajen ginin.

Yanzu ga inda nake son ki fi mai da hankali. Karatun allo da na Islamiyya da kika yi, wanda ba ki ma sa shi a takardar neman aiki, shi ne abin da kika fi Baturiyar da za ku zauna jarrabawa tare. Masu iya kataloji suna da yawa. Wanda ya haɗa kataloji da Larabci da ajami da Hausa kuwa, ana ƙirga su da yatsu. Akwai tarin littattafan Hausa a jami'ar SOAS da ke Landan, akwai rubuce-rubucen Kano na Malam Umaru Falke a Jami'ar Northwestern a Amurka, Jami'ar Boston tana tattara ajami ta intanet, Laburaren Birtaniya kuma tun 2004 yake da shirin ba da tallafi don ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya yi aiki a arewacin Najeriya. Guraben ba su da yawa, gaskiya, kuma galibi kwantiragi ne na ɗan lokaci. Sai dai tallafin nan a gida ake cin sa, a kan kundayen da ke gida.

Saboda haka ki nemi izinin zama, ko na wata uku ne, a Gidan Arewa na Kaduna, ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke can, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Rubutun hannu namu ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a cikin gafaka, don haka abu na farko da ake koya shi ne kada a hargitsa su. A ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar da ta gaba za ta fara da ita, da ita ake gane jeri. Lamba da fensir ake sawa, ban da biro. Ban da salatif, ban da lika leda, domin gam ɗin yana cin tawada. Ki ɗaga takarda ga haske: alamar jinjirin wata uku tana nuna takardar Italiya ce da ta biyo ta hamada, wannan yana taimakawa wajen kintatar zamani. Shekara da sunan mai kwafi a ƙarshe ake neman su, wajen "tammat", kuma kada ki rikita mai kwafi da mawallafi, wannan kuskuren ya cika kataloji da yawa. Hoto da kamara ake ɗauka daga sama, a tsarin TIFF, aƙalla ɗigo 300 a inci, da ma'aunin launi a gefe. Ba a danne warƙa a injin kwafi.

Sunayenmu ma fanni ne. Ma'aikacin da bai san mu ba yakan ɗauki Malam ko Alhaji a matsayin suna, ko ya raba mutum ɗaya gida uku saboda an rubuta Usman da Usmanu da Uthman. Shehu kansa a kundin sunayen Laburaren Majalisar Amurka "Usuman dan Fodio, 1754-1817" yake. Littattafan soyayya na kasuwar Kano da yawa ba shekara ba lambar ISBN, sai an kintata daga tallan da ke bayan bango. Wanda ya iya warware irin wannan yana da abin faɗa a gaban kowane kwamiti.

Kada kuma ki raina hanyar gida. A jami'o'in Najeriya jami'in laburare ma'aikacin ilimi ne kamar malami, yana hawa mataki-mataki har shugaban laburare, wanda yake cikin manyan jami'an gudanarwa. A nan ba haka ba ne, cikin ma'aikatan hidima ake lissafa shi. Sharaɗin na gida shi ne digiri na biyu da na uku da wallafa maƙalu, kuma ki kiyayi mujallun da ke karɓar kuɗi su buga a mako guda. Ki yi rajista da LRCN, hukumar rajistar jami'an laburare ta Najeriya, da zarar kin cancanta, ki shiga ƙungiyar ma'aikatan laburare ta NLA reshen jiha, domin labarin gurbi a can yake fara fitowa. Mastas ɗin a Zariya ko Bayero za ki iya yin sa kina aiki.

In bayan shekara biyu ko uku ran naki yana nan, sai a nemi tallafin karatu maimakon kuɗin Baba. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana son aikin awa 2,800, wato kimanin shekara biyu, akwai kuma na Kwamanwel. Ki zaɓi kwas ɗin da CILIP, ƙungiyar ƙwararrun laburare ta Birtaniya, ta amince da shi, kamar na Shefil ko UCL ko Strathclyde. In Amurka ko Kanada ce, amincewar ALA, ƙungiyar laburarorin Amurka, ake dubawa. Guraben jami'o'i a jobs.ac.uk ake tallata su. Takardar tarihin aiki shafi biyu ce, ba hoto, ba ranar haihuwa, ba jiha ba addini. Kowane talla yana zuwa da jerin sharuɗɗa na dole, kuma maki ake bayarwa a kan kowanne, don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya da misali: littafi nawa kika shigar, da wace manhaja, me ya lalace, yaya kika gyara. "Ni mai ƙwazo ce" ba ta da maki. Wani lokaci a ranar ganawa a miƙo miki katuna ki jera, a ga ko kin san 297.122 tana zuwa kafin 297.2, domin bayan ɗigo lamba ɗaya-ɗaya ake bi, ba girman adadi ba.

Tun yanzu ki buɗe littafin rubutu kina ajiye lissafin duk abin da kika yi a wurin aiki da kwanan wata. Ki kuma fara neman takardar sakamakon jarrabawarki daga makaranta, kin san ba ta fitowa da wuri. In ta fito ki turo min hotonta tare da jerin kwasa-kwasan da kuka yi, in duba inda ke da giɓi.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana tafe wurin mai zuwa ƙarshen wata. Ki gaida yaran gidan Kawu.

Wassalam,
Yayanki