Barka da Sallah daga Holan, zuwa ga mutanen gida Argungu

Assalamu alaikum Inna, Baba, da dukan mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah shi maimaita muna, shi karɓi layya, shi nuna muna ta baɗi da rai da lafiya. Yaya don Allah ka karanta ma su Inna wanga saƙo in gida ya natsu, kada ka tsallake ko layi guda. Na so in faɗi komi ta waya amma kun san ranar Sallah gidanmu ba mai jin wani, ga netwok da yankewa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu nan lafiya lau muke, surukarku da yara duk ƙalau. Nan Hague ba a san da wata Sallah ba, ranar aiki ce, sai da na nemi hutu tun da wuri, yara kuma munka sanar da makaranta sannan anka bar su. Masallaci ya cika har sai da anka yi sallar bi da bi, Turkawa da 'yan Maroko su sunka fi yawa, ga 'yan Somaliya ga 'yan Indonesiya, kowa da irin shigarshi. Ni dai babbar rigar da kunka aiko na sa, mai sunan Baba ya sa hularshi yana ta taƙama cikin jirgin ƙasa na cikin gari mutane na yi mishi murmushi. Ana sallamewa aka gaggaisa, kafin ka juya rabin mutane sun hau kekunansu sun nufi wurin aiki. Ba kiɗa, ba doki, ba yaro guda da zai ƙwanƙwasa ƙofa shi ce barka da Sallah a ba shi goro.

Abin da ya tsaya mini a rai tun safe tareni ne. Wallahi Inna ina zaune nan amma hancina na can ƙofar gida. Na san yanzu an gama fiɗa, an buɗe ragunan an soke su da itace an jera su kewaye da wuta, na Baba, na Yaya, na Kawu, da na maƙwabta da kullum suke kawo nasu wutarmu, Baba na zaune bisa tabarma yana cewa a ja wancan baya wuta ta yi mishi yawa, a juya wanga, a ƙara gishiri, samari na ta share zufa hayaƙi ya rufe unguwa, kitse na ɗiga yana cuwa cikin garwashi. Cikin gida kuma ana suyar kayan ciki, hanta ta fara fitowa a kai ma Baba, yara na kewaya tukunya ana korarsu suna dawowa. Sai naman ya kwana ya tsane, gobe da safe a sauke a yanka a fara rabo, kwano na fita kwano na shigowa har ka rasa na wa kake ci. Nan doka ba ta yarda ka yanka dabba a gida ba, mahauci musulmi kake ba kuɗi, a yanka a mayanka, sai daga baya ka je ka karɓo naman cikin kwali, da sanyinshi, inji ya daddatsa shi. Ba ka ga ragonka da rai ba, ba fata, ba ka shafa kanshi ba. Layya ta yi insha Allahu, amma yarana ba su taɓa tsayawa gaban wutar tareni ba, takwarar Inna da na nuna mata bidiyon bara sai ta ce Baba mi ya sa anka shanya tumaki. Na yi shiru na ɗan lokaci kafin in iya ba ta amsa.

To bari in bar wanga zance kada in sa ku kuka ranar farin ciki, akwai labari mai daɗi. Muna shirin tafiya hutu da yara in an rufe makaranta, hutun bazara nan sati 6 ne ga 'yan firamare. Wani tsibiri za mu je can arewacin ƙasar sunanshi Texel. Za mu shiga jirgin ƙasa wajen awa biyu zuwa wani gari Den Helder, daga nan a shiga jirgin ruwa minti 20 an ƙetare. Inna na san kuna jin jirgin ruwa gabanku zai faɗi, tun hatsarin Warra na 2021 ba ku son ko a ambata, Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu. Wanga ba kwalekwale ba ne, ƙaton jirgi ne mai hawa hawa da motoci da manyan bas ke shiga cikinshi, da rigunan ceto, kuma ba a ɗora mishi fiye da ƙa'ida. Ku kwantar da hankalinku ku bi mu da addu'a.

Abin da za mu je yi zai ba ku mamaki, keke za mu hau, mu yi tafiyar ƙasa, mu zauna bakin teku, shi ke nan. Na san Gwaggo za ta ce to wanga ai wahala ce, mutum shi biya kuɗi don shi taka sayyada. Amma nan keke ba abin talaka ba ne, ƙasar mutanenta wajen miliyan 18 ne kekuna kuwa sun haura miliyan 20, likita da malamin jami'a da tsohuwa mai furfura duk keke, kuma keke na da hanyarshi daban ja wur gefen titi da fitilar ba da hannu tashi. Ƙasar shimfiɗe take ba tudu, abin da ke wahalar da mai keke iska ce kawai, in ta taso daga teku ta fuskance ka sai ka ji kamar ana riƙe ka ta baya. A tsibirin hanyoyin keke sun fi kilomita 100, kuma kowace mararraba an kafa mata allo da lamba, sai ka rubuta lambobin da za ka bi a takarda ka manna a kan keken, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba ka ɓata. Mai sunan Baba shi munka ɗora ma wanga aiki, kullum dare yana kan taswira da biro, ya ce shi ne direba.

Kekuna can za mu yi haya. Auta ƙafarta ba ta kai ba tukuna, akwai wani keke mai akwatin katako a gaba da benci da bel, ciki za ta zauna tare da kulolin abinci ni in tuƙa. Albishirinku kuma, surukarku ta iya keke. Akwai ajin da ake koya ma matan da sunka zo daga wasu ƙasashe, can ta je tare da matan Maroko da na Eritiriya, yanzu ita ke kai yara makaranta da hijabinta. Kekunan nan sarƙarsu a rufe take, tayar baya ma da kariya, don haka doguwar riga ba ta shiga ciki. Ta ce in faɗa ma Inna in ta zo gida ita za ta kai niƙa.

Mun tsara rana guda mu tuƙa har ƙarshen tsibirin ta arewa inda wata doguwar hasumiya ja take, tun 1864 anka gina ta don haska ma jiragen ruwa hanya da dare, ana hawa sama a hango teku ta kowane gefe. Wata rana mu aje kekuna mu bi tuddan rairayi da ƙafa, akwai wani kwari da ruwan teku ke shigowa ciki shi koma, tsuntsaye birjik. Akwai kuma gidan da ake jinyar wasu dabbobin teku masu ƙiba da gashin baki in an tsince su ba lafiya, sun warke a maida su ruwa, takwarar Inna wannan kaɗai take jira. Baba kuma ga naku labarin, tsibirin tumaki ne, ana cewa yawansu ya yi kusa da na mutanen wurin, gajeru masu faɗin ƙirji da ulu, ba ƙaho. Zan ɗauko muku hoto ku gani ko za su shiga kasuwar Jega, ni dai a idona ko kusa ba su kai balami kyau ba.

Bakin tekun tsawonshi ya kai kilomita 30, farin rairayi, don haka akwai inda za mu samu gefe ba cunkoso, don kun san shigar mutanen nan in rana ta fito, mu za mu nemi inda ido zai huta. Ruwan ko tsakiyar bazara sanyinshi kamar na randa da asubar hunturu. Kuma ba irin na gulbi ba ne, sau biyu a yini yana cikowa yana janyewa, inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi kana iya tarar da ruwa ya cinye shi da la'asar, sannan akwai wuraren da ruwa ke jan mutum ciki ko ya iya iyo. Shi ya sa akwai masu tsaro da tutoci, in sunka ɗaga ja ba mai shiga. Manyan yaran biyu sun ci jarrabawar iyo ta farko, nan har takardar shaida ake badawa, kuma sai yaro ya faɗa ruwa da tufafinshi da takalmi ya fito da kanshi kafin a ba shi, saboda ƙasar ko'ina magudanan ruwa ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ma teku ya fi ta tudu, ganuwa ce ta tare shi. Ranar da na ga mai sunan Baba ya nutsa ya ɓullo can gaba na ce jinin Kabawa ba ya ɓuya.

Guzuri kam daga naman layyan nan za shi fito, surukarku za ta yi dambun nama da soye mai yawa, da cincin, da zoɓo, don ba mu dogara da samun mahauci musulmi can ba, in ya ƙare ga kifi. Ɗan gida munka kama mai kicin don mu dafa namu. Sallah ce ke son tsari, yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, isha'i kusan sha biyu, asuba kuma tun wajen ƙarfe uku, ga rigunan ruwa dole a saka cikin jaka don sama nan ba ta da alkawari.

Yanzu ga maganar da nake so ku ji daga bakina. Kada ranku shi ba ku cewa mun samu kuɗin yawo amma mun rasa na zuwa gida. Abin da za mu kashe duka bai kai tikitin mutum biyu zuwa Abuja ba a wanga lokaci, mu kuwa biyar ne, kuma hutun bazara shi ne lokacin da tikiti ya fi tsada. Asusun zuwa gida daban yake ban taɓa shi ba kuma ba zan taɓa ba. Ni burina in kawo su lokacin bikin kamun kifi su tsaya bakin Matan Fada su ga dubban mutane sun ruga ruwa da homa da gora, amma lokacin ana karatu, nan kuma daga shekara 5 makaranta tilas ce, ka ɗauke yaro ba izini tara za a ci ka. Mai sunan Baba har bayanin bikin ya yi gaban ajinsu, ya ce tun 1934 ake yi, ya nuna hoton giwan ruwa, malamarsu ta kira ni tana tambaya ko da gaske kifin gulbi ne. Mu mun tashi da fadama da gulbi da yawon Sallah gida gida, ƙafarmu ta san ƙasa. Su ɗaki ne da waya da talabijin, rabin shekara sanyi da duhu. In ban fitar da su sun sha iska sun gaji sun ci abinci a kwano guda da ni ba, girma za su yi ban san su ba. Ku sa muna albarka a tafiyar, shi nake roƙo.

A gaida Baba da kyau, a ce mishi kada shi daɗe gaban wuta saboda idon nan, shi bar ma samari. A gaida Kawu da iyalinshi, da Baffa na Birnin Kebbi, da mutanen Kamba in sun zo. Gwaggo kuwa gaisuwarta daban ce, a ce mata ɗanta na nan bai manta furar da take dama mishi ta ɓoye a bayan randa ba, in ta ƙara cewa na manta ta zan yi fushi, na sa Yaya shi ba ta saƙo a hannunta ita kaɗai, ta sai goro da turare, kuma ta daina zuwa gona da wagga ƙafa. A gaida matar Yaya da sannu da aikin suya, da amaryar gidanmu da ban gani ba sai a hoto, da 'yan biyu, da autanmu, a ce mishi na ji sakamakon jarrabawa na ji daɗi ƙwarai, keken da na yi mishi alkawari na nan tafe. Malam na makarantar allo a kai mishi cinya guda da sunana a roƙa muna addu'a. Mai shayi na bakin kasuwa, abokaina na majalisa, maƙwabta gabas da yamma, duk ina gaisuwa. Wanda ban ambata ba shi yafe ni.

Inna in an samu mai zuwa a aiko muna da kuka da daddawa da yajin nan naku, banda kilishi ko soye don ba a barin nama shi shigo, a filin jirgi za a karɓe. Agogonmu na gaba da naku da awa guda, zan kira gobe da hantsi lokacin rabo, a ba yara wayar su zagaya da ni gidan in ga kowa.

Naku, ɗanku na Holan, da surukarku da jikokinku uku.