Yaya, Wikki Ta Hau, Amma Ɗakin Inna Yana Yoyo

Jidda, Yuli 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Yaya damina? Ka gaishe mini da Baffa da Gwaggo da mutanen gida kaf, har da Liman da dattawan masallacin layinmu. Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Zafi ne kawai, shi ma mun saba.

Na ga gara in rubuto maka, domin duk sanda na kira kana kasuwa, hayaniyar Wunti ba ta barinmu mu ji juna. Kuma akwai maganar kuɗi, ina so ta zauna a rubuce yadda gobe ba wanda zai ce bai ji ba.

Amma tukuna, barkanmu da arziki! Wikki, ƙungiyar ƙwallon garinmu Bauchi, ta dawo Firimiyar Najeriya. Wallahi Yaya har yanzu in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi. Tun da aka fara wasannin ƙungiyoyi 8 ɗin nan a Asaba ban yi barcin kirki ba. Ina tuƙi ina lissafin maki, ina sauke kaya ina lissafin maki. Ka san huɗu kawai za a ɗauka, biyu daga Arewa, biyu daga Kudu, ƙafa ɗaya ta zame shi ke nan sai wata shekara. Ranar da abin ya tabbata, ina ɗaki, na jingina wayata da galan ɗin ruwa, ina kallon wani bawan Allah da yake ɗaukowa da wayarsa a Facebook. Hoton sai rawa yake yi, yana yankewa yana dawowa, wani lokaci sama kawai nake gani da ƙafafuwan mutane. Da alƙalin wasa ya busa tashi ban ma gani ba, ihu kawai na ji, sai muryar wani yana ta "Mun dawo! Mun dawo!" da Hausarmu ta Bauchi, muryar ta dishe. Ban san sanda goshina ya kai ƙasa ba. Da na ɗago, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskata.

Sai na fita waje. Abin da ya fi taɓa ni ke nan, Yaya. Na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, kowa yana harkar gabansa, babu mutum ɗaya a duk layin da ya san abin da ya faru. Na san a daidai lokacin nan Bauchi ta ɗauka, babura suna ta ham daga Wunti zuwa Ƙofar Ran, yara suna bin su da gudu, majalisa-majalisa ba wata hira sai ita. Ni kuma ga ni tsaye da murna cike da ƙirji, na rasa wanda zan rungume. Na shiga kantin ƙasanmu na sayi katan ɗin lemo na raba wa mutanen gida. Mai kantin, wani dattijo ɗan Yaman, ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini. Na ce masa ƙungiyar garinmu ce ta hau. Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce mabruk, ya ƙara mini kwalba biyu kyauta. Shi ya gane, domin mai goyon bayan ƙungiyar Ahli ne.

Ba na jin na taɓa ba ka wannan labarin. Ahli ta Jidda, da duk girmanta da kuɗinta, ta faɗi rukuni na biyu a 2022. A 2023 suka dawo, na ga murnarsu da idona, koren tuta ta ko'ina, manyan mutane da gemu suna leƙowa ta tagar mota suna waƙa. A wannan shekarar ce kuma mu muka faɗi, mu da El-Kanemi da Nasarawa United da Dakkada, a kakar nan da aka gajarta aka raba ƙungiyoyi gida biyu. Ina cikin cunkosonsu a bayan sitiyari, suna murna, ni zuciyata kamar an ɗora mata dutse. El-Kanemi da Nasarawa suka koma bayan shekara ɗaya suka bar mu a ƙasa. Shekara biyu cur muna cikin 'yan dagaji. Ahli kuwa daga dawowarsu suka kwaso su Mahrez da Firmino, bana a watan Mayu har kofin Asiya suka ɗauka a nan Jidda. Mu ba mu da irin wannan aljihun, na sani. Amma wallahi kukan da na ga mutanensu sun yi ranar da suka hau, irinsa na yi, babu bambanci.

Na ji wasu suna ƙorafin cewa Warri Wolves ta doke mu a wasan ƙarshe ta ɗauke kofin. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Abin da muka je nema mun samo. Yanzu wasa 19 za a yi mana a gida, Pillars za ta zo, Enyimba za ta zo, Rangers da Plateau United duk za su taka filin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ka tuna yadda bakin ƙofa yake cika ranar wasan Pillars? Mai rake, mai tsire, mai ruwan leda, matan da ke kawo masa, 'yan Keke Napep, kowa sai ya koma gida da abin cefane. Wanda bai san ƙwallo ba ma yana cin arzikinta. Ɗan Gombe da muke ɗaki ɗaya, wanda kuka gaisa a waya da Sallah, shi nasu biyun, Gombe United da Doma United, tare suka faɗi a 2024, kuma bana babu wadda ta hau. Duk tsokanar da ke tsakaninmu, ranar ya tashi ya riƙe hannuna ya ce Allah ya sa su ma su ga irin wannan rana. Na ce amin, har zuciyata.

Daren nan Baba kawai nake tunawa, Allah ya jiƙansa. 1998, ina ɗan shekara 10, yana zaune a zaure da rediyonsa mai ɗaurin roba, ranar da muka ci Kofin Ƙalubale a hannun Plateau United da bugun fenariti. Kai kana tsaye a bakin ƙofa ka kasa zama. Mutumin da ko dariya ba ya yi da ƙarfi, ranar ya ɗaga ni sama har hularsa ta faɗi. Ban sake ganinsa cikin irin wannan farin ciki ba har ya bar duniya.

To, Yaya, yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro.

Labari ya iso mini cewa naira dubu 70 ɗin da na turo kafin Babbar Sallah don a sauya kwanon ɗakin Inna, ba a sayi ko falle ɗaya ba. An ce Auta ne ya karɓa da sunan zai kai wa mai kwano, ya bi motar magoya baya ya tafi Asaba da su. An ce har yau in an yi ruwa sai an tara roba da bokiti a gefen gadon Inna, an ja katifarta zuwa lungu. Kada ka tambaye ni wanda ya faɗa mini, kuma kada a zargi maman Ummi, ba ita ba ce. Ina so ka faɗa mini gaskiya: haka ne ko ba haka ba? In haka ne, me ya sa ka ɓoye mini? Sau uku muna waya ina tambayarka aikin kwano, kana cewa ana nan ana yi. Kai ne babba, kai ne makwafin Baba a gidan nan. In Auta ya yi yarinta, kai bai kamata ka rufe ni ba.

Kuɗin nan ba tsintarsa nake yi ba. Ba na son yawan magana a kan wannan, amma ka san abin da ake nufi da ɗaukar kaya a ranar Jidda a watan Yuli. Tsohuwa mai hawan jini tana kwana cikin danshi, ga Agusta tana tafe, ruwan da ya fi na yanzu yana gaba. Kuma yaron nan ya kama hanya tun daga Bauchi har jihar Delta, ya tsallake manyan koguna, a hanyoyin da kowa ya san halinsu, ba tare da ya sallami uwarsa da gaskiya ba. Da wani abu ya same shi fa? Da wane baki za mu yi wa Inna bayani?

Raina ya ɓaci ƙwarai, kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Amma in na zauna ni kaɗai, sai in ga ni na koya masa. A 2016, lokacin Abdu Maikaba, shekarar da muka ƙare na uku a bayan Rangers da Rivers United, Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18 ya fi kowa a ƙasar, wa yake riƙe hannun Auta ya kai shi fili duk wasan gida? Ni ne. Ni nake saya masa rake, ni na saya masa jesinsa ta farko, har gwiwa take kai masa. Na cusa masa abin a zuciya, sannan na sa ƙafa na bar ƙasar yana tsakiyar tasowa, shekara huɗu ban zo na ga yadda ya zama ba. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, da na ga hotonsa a cikin taron Asaba, ya ɗaure kai da ƙyalle, bakinsa a buɗe yana ihu, sai da na ji wani sanyi a raina cewa akwai ɗan gidanmu a wurin. Na ajiye hoton, ina dubawa kullum. Allah ya yafe mini, ban san yadda zan haɗa wannan da ɓacin ran ba.

Saboda haka kada ka doke shi, kada kuma ka tozarta shi a gaban matanmu. Ka kira shi zaure ku biyu. Ka ce na ji, kuma bashi ne a kansa, zai biya daga abin da yake samu a shagon gyaran waya, ko dubu biyar-biyar ne duk wata, a hannunka. Sannan ya je ya durƙusa ya nemi gafarar Inna. Abu ɗaya da nake so ka bincika mini da kyau: an ce yana zama da yaran nan masu cacar ƙwallo a waya. In gaskiya ne, wannan ya fi tafiya Asaba tayar mini da hankali, domin yanzu da wasanni za su dawo gari abin ƙaruwa zai yi. Son Wikki daban, caca daban. Baba ya so ƙungiyar nan har ya rasu, ko sisi bai taɓa sa wa a kanta ba.

Jiya na turo Riyal 1,000 ta hannun mutumin da ka sani. Ya kamata ya kai naira dubu 400 da 'yar ɗoriya, ka duba abin da ya shigo ka sanar da ni. Ga yadda za a yi da shi. Dubu 120 na maganin Inna ne da komawarta asibiti, kada a tsallake ranar da likita ya ba ta. Dubu 100 na kwano da ƙusa da kuɗin kafinta, kuma kai da ƙafarka za ka je ka saya, ba aike ba. Dubu 80 ka ba maman Ummi na abinci. Dubu 45 ka riƙe na makarantar Ummi da Abba, kada a taɓa sai Satumba. Dubu 40 a sayi taki a zuba wa masarar gonar Baba kafin lokaci ya wuce. In kuɗin kwanon bai isa ba, a fara rufe gefen gadon Inna, sauran zan ciko ƙarshen wata in an biya mu. An ɗan ja mana albashin watan jiya, amma sun ce za su haɗa, ba wani abin damuwa ba ne. Sabunta iƙama ma yana gabana, shi ya sa ban turo fiye da haka ba. Ka yi haƙuri.

Ina sake faɗa, Yaya: kuɗin kwano kada ya bi ta hannun kowa. Kai za ka saya, kai za ka tsaya a kan kafinta har ya sauko. In an gama ka ɗauki hoton rufin daga ciki da waje ka turo mini.

Ɗan ciwon bayan da na ambata maka kwanaki ya yi sauƙi, kada ka faɗa wa Inna. Ka ce mata ina nan ina ƙiba, kuma na yi mata addu'a a Harami da na je Umara. Ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Maganar zuwana gida, ina sa rai bayan azumi in Allah ya yarda, amma kada ka yi mata alkawari tukuna, na yi mata sau biyu ban cika ba, kunyar hakan tana damuna.

Ragowar dubu 15 ɗin, ka riƙe a wurinka har ranar wasanmu na farko a gida. Ka sayi tikiti uku, kai da Auta da Abba. Abba ya shekara bakwai bai taɓa shiga fili ba, kuma ina so ranar farkonsa ta zama wannan. Ku zauna a inda muka saba zama, ka riƙe hannunsa da kyau wajen shiga saboda turereniya, ku fito kafin a tashi in ka ga alamar rigima. Auta ya kira ni ta bidiyo in 'yan wasa za su fito, ya ɗaga wayar sama ya daina girgiza ta, ina so in ji filin. Amma sai in an gama rufin. In ba a gama ba, a zuba kuɗin a kwano.

Ka gaishe da Inna, ka gaishe da Inna, ka sake gaishe ta. Ina jiran amsarka kafin Juma'a.

Wassalam,
Ƙaninka