Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Katsina: A Koya Wa Yaranmu Ƙera Jirgin Ruwa A Daura

Mai girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da ka ɗauka.

Ranka ya daɗe, wanda ya ji an haɗa sunan Katsina da ƙera jirgin ruwa zai ce ina ruwan biri da gada. To amma a jihar nan akwai madatsun ruwa: akwai Zobe a Dutsin-Ma, akwai Jibiya da Ajiwa, akwai Mairuwa da Gwaigwaye a Funtuwa, ga Sabke da Daberam a yankinmu na Daura. Kowane ɗaya da masuntansa da 'yan fitonsa, kuma da zarar damina ta yi nisa, kwale-kwale ne motar wasu ƙauyuka. Ba mu manta da abin da ya faru a Mai'aduwa a watan Mayun 2022 ba, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, lokacin da jirgi ya kife da mutane akasarinsu yara, wata biyar kacal bayan na ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari ta Bagwai a Kano. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da aka saba bayan irin wannan musiba shi ne a sayo jiragen faiba, wato waɗanda ake yi da zaren gilashi maimakon katako, daga Kudu a raba. Taimako ne, ba mu raina ba. Sai dai ranar da jirgin ya tsage babu mai ɗinke shi a kusa, sai a ja shi gaɓa ya zama wurin wasan yara. Roƙonmu shi ne a buɗe wurin koyar da ƙera jirgi da gyaransa a Daura, inda dama akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Sabke a kusa don gwaji.

Darasin farko da za a koya wa ɗalibi, tun kafin ya riƙe zarto, shi ne lissafin abin da jirgi zai iya ɗauka. A ɗauki jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawonsa mita 8, wanda faɗin da yake taɓa ruwa ya kai murabba'in mita 8. Duk kilo 80 da aka ɗora masa zai nutsa da santimita 1, wato kusan babban mutum ɗaya ke nan da ɗan kayan hannunsa. Idan tsayin gefensa santimita 55 ne, jikinsa da inji da mai sun kai kilo 650, to ya riga ya ci santimita 8 tun babu kowa a ciki. A bar santimita 30 tsakanin ruwa da bakin jirgi saboda iska da igiyar ruwa, saura 17. Mutum 17 ke nan. In aka saka babur 2 da buhun masara 4, an cinye gurbin mutum 8, saura 9. Wannan iyaka ita ake ja wa layi da jan fenti a jikin jirgi, a rubuta adadin a goshinsa, ta yadda ko tsohuwar da ta zo mashigi za ta duba ta ce ba za ta shiga ba.

Akwai kuma nauyin da ba a ƙirgawa. Ruwan da ya tsatso ya kwanta a cikin wannan jirgi, in ya kai santimita 5, kilo 400 ne, nauyin mutum biyar. Illarsa ta fi ta mutum biyar, domin da jirgin ya ɗan karkata, ruwan gaba ɗaya zai gangara ɓangaren da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi. Fasinja su tsorata su miƙe, sai kifewa. Ke nan maganar hatsari tana komawa kan yadda aka haɗa katako tun farko.

A aikin katako, matsala daga busarwa take farawa. Ɗanyen katako in aka buga shi, zai ƙanƙance ya bar kafa tsakanin allo da allo. Wanda kuma ya sha hunturun Daura ya bushe ƙarau, in aka matse shi sosai, ranar da ya shiga ruwa zai kumbura ya bankare ya tumɓuke ƙusa. Ana jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, a auna danshinsa ya tsaya wajen kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari. Farin gefen katako a yanke a yar, shi ne ke fara ruɓewa. Madaci da kawo suna jure ruwa, amma ba mu goyon bayan a sare 'yan madatan da suka rage mana a jihar da hamada ke matsowa. A sayo katakon Kudu. Kaurin allo santimita 2 zuwa 2 da rabi, haƙarƙarin jirgi kuma a jera shi kowane santimita 40 zuwa 50. Ƙusa ta zama mai rufin tutiya, tsawonta ya kusa ninka kaurin allon sau uku, a fara huda wurin kafin a buga don kada allon ya tsage. Ƙusar gini ta kasuwa tana tsatsa, ta baƙanta katakon da ke kewaye da ita har ya yi laushi, sai a ga allo ya saki alhali daga waje lafiya lau yake. Kada gaɓar allo biyu ta faɗo a kan haƙarƙari ɗaya. A cusa auduga a tsakanin alluna, a bi da kwalta. Allon baya da ke ɗaukar inji ya kai kaurin santimita 4 zuwa 5 da madogara a kusurwoyinsa, tsayinsa kuma ya dace da ƙafar injin: inci 15 ga gajere, inci 20 ga dogo. In aka saɓa, farfela ta riƙa shan iska ko ta nutse da yawa, mai ya ƙone a banza.

Yadda za a sa aikin ya yi sauri da araha kuwa, manyan ma'aikatu sun daɗe da nuna hanya. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945, kwanakin ƙera guda ɗaya suka sauko daga sama da 200 zuwa kusan 42, saboda zane ɗaya aka riƙe, ana haɗa sassa a gefe kafin a kawo su a jona. Haka Sin da Koriya ta Kudu da Japan ke yi har gobe. Mu ma a zaɓi zane biyu kawai, ƙarami na kamun kifi da babba na fito; hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta wallafa zanen jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki da za a iya farawa da su. A yanka samfurin kowane sashe a ajiye, a kafa gado na dindindin da ake haɗa jirgi a kansa a kife. Jirgi na goma zai fito daidai da na farko, kuma in allo ya lalace an san awonsa.

Faiba ita ce ta fi dacewa da mu nan gaba, amma ba ta yafe ganganci. Sai an fara ƙera jirgi na katako an goge shi sumul, a ɗauki mazubi a jikinsa, shi ya sa kafinta ne tushen aikin. A shafa wa mazubin kaki sau da dama, a zuba fentin waje mai kaurin rabin milimita, sannan a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi mai nauyin giram 450 a kowane murabba'in mita. Kowane kilo na tabarma yana shan rezin, wato ruwan sinadarin da ke jiƙa ta ya daskare ya yi tauri, kilo 2 da rabi. Jirgin can namu mai mita 8 fatarsa ta kai murabba'in mita 20. Shimfiɗa 5 za ta ci tabarma kilo 45 da rezin kilo 112, fentin waje kilo 12, a ƙara kashi 10 zuwa 15 na asara. Maganin daskarwa kashi 1 zuwa 2 ne na nauyin rezin, da sirinji ake auna shi. A zafin Afrilu, da rana ke haura digiri 40, kashi 1 ya isa, a dama kaɗan kaɗan, a yi aiki da sanyin safiya, in ba haka ba ya daskare a bokiti. A bi da rola a fitar da kumfar iska, domin duk farin tabon da aka bari nan ruwa zai shiga. Ƙurar hunturu in ta sauka tsakanin shimfiɗa biyu tana hana su kama juna. Rezin ba ya wuce kamar wata shida a ajiye, kuma sinadarin kobal, wanda ke hanzarta daskarewar rezin, in ya haɗu kai tsaye da maganin daskarwa wuta yake kamawa.

Wani abu da masu sayen jirgi ba su cika sani ba: jirgin katako in ya cika da ruwa yakan yi iyo a riƙe shi, na faiba kuwa ƙasa yake yi kamar dutse, sai in an saka masa abin da zai tallafe shi. Farin soson da ake naɗe talabijin da shi rezin da fetur suna narkar da shi. Jarka mai lita 25 da aka rufe gam tana riƙe kusan kilo 24. A ɗaure isassu a ƙarƙashin kujeru, ko a cika wurin da soson da aka yi don wannan aiki.

Kai da ka shugabanci SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ka fi mu sanin cewa rashin lissafi ya fi rashin gwaninta kashe ƙaramar sana'a. Kafinta yakan ƙirga katako da ƙusa ya ɗora ɗan abin cefane, ya manta da sauran. A koya wa ɗalibi ya rubuta katako da ƙarin kashi 30 na abin da zarto da farin gefe za su ci, kwanakin aikin kowane mutum har da nasa, man janareta, haya, cinyewar kayan aiki, da kuɗin dako daga Legas ko Kano. Kuɗin mazubi a raba shi kan jiragen da za a fitar: in 5 ne kawai, kowanne ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar, in 50 ne sai ya zama ɗan kaɗan. Saboda haka muke so gwamnati ta haɗa buƙatar madatsun jihar gaba ɗaya ta ba da aiki a dunƙule. Rezin da inji daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, don haka takardar farashi ta ɗauki kwanan wata da wa'adin mako biyu. Inji sau da yawa ya fi jikin jirgin tsada. A lissafa shi daban.

Waɗanda za a ɗauka su zama 'ya'yan masunta da 'yan fito da kafintoci, ta hannun sarakunan ruwa, ko da karatunsu na allo ne, muddin sun iya awo da tef. Wata tara ya isa zagaye ɗaya: uku a katako, uku a faiba, sauran a gyaran inji, lissafi da gwaji. Kowa sai ya iya iyo kafin a sallame shi. Malamai a nemo su daga kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke New Bussa, takardar shaida ta bi tsarin hukumar ilimin fasaha ta ƙasa NBTE, a kuma gayyaci hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida NIWA ta duba zanen tun kafin a yanka allo na farko. Kowane jirgi kafin a miƙa shi a kai shi Sabke, a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da aka rubuta, a tara su gefe guda a ga karkatarsa, sannan a cika shi da ruwa da gangan a tabbatar bai nutse ba. Ya fita da rigar ceto daidai adadin kujerunsa, har da ƙanana na yara.

Muna roƙon a saka wannan a kasafin kuɗi mai zuwa, a fara da rumfa ɗaya, mazubi biyu da ɗalibai 20.

Allah Ya ƙara wa mai girma Gwamna lafiya, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wasu kafintocin jirgi da malaman koyar da sana'a, Daura.